Amfilifayar Ba Madu Mai Banda

Ba Madu mai banda bai yarda da ido ba, bai yarda da kunne ba, hannunsa kaɗai ya yarda da shi. Tun yana saurayi yake sayen busasshen kifi a bakin kogin Gashuwa yana lodawa zuwa Nguru, kuma bai taɓa neman sikeli ba. Zai ɗaga kwali ya jijjiga, ya gaya maka ko tarwaɗa ce ta ƙwarai ko an cika ƙasan da ƙaya da kawuna. Da hannun nan ya zaɓi kekensa, da shi yake zaɓen ragon layya, har mu maƙwabta muna tsokanarsa cewa da an ba shi dama, amaryarsa ma sai ya ɗaga ta kafin a ɗaura aure. A wurinsa abu mai nauyi shi ne mai kyau.

Ƙanensa Kalli ya tafi Makka tun farkon shekarun casa'in, ya zauna can yana ɗinki. Ba ya rubutu, sai dai ya yi magana a kaset ya ba alhazai su kawo. Shekarar da nake ba da labari, kaset ya iso ya tarar kunnen mahaifiyarsu, Iya Meram, ya riga ya tafi. Aka saka a 'yar rikoda, kowa yana dariya, ita tana bin bakunanmu da kallo. Ba Madu ya durƙusa yana maimaita mata da ƙarfi, ta ture shi.

"Ni ba labari nake nema ba. Muryarsa nake so."

Ga tsufa ga ciwo, kowa ya san da wuya ta ga wani aikin hajjin. Maganar ta tsaya wa Ba Madu a rai. Yana sauke kifi a Nguru ya wuce shagon Sabitu mai kayan sauti, ya ce yana neman amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, don tsohuwarsa ta ji kaset.

Sabitu ya fara da tambayoyi irin nasu. "Ba Madu, yaya girman ɗakin? Wace sifika gare ka? Ɗakin tsohuwa wat talatin ya ishe shi, in dai ƙarfin amfilifaya ya dace da na sifika."

Ba Madu bai ko kalle shi ba, yana can yana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. Wata sabuwa mai ƙyalli, an manna mata lambar wat dubbai a goshi, ya jijjiga ta ya ajiye. "Wannan ƙaya ce da kawuna." Can ƙasan kantar shagon ya jawo wata baƙar 'yar gwanjo, ya yi nishi kafin ta tashi daga ƙasa, fuskarsa ta washe.

"Wannan ta filin taro ce fa," in ji Sabitu.

"Kunnen Iya ya fi filin taro nisa. Ɗaure min ita."

A gida ya jona ta da 'yan sifikun rikodarsa. Ko sallama Kalli bai gama ba suka yi hayaƙi, kuma mai banda ba ya bukatar a gaya masa warin abin da ya ƙone. Ya sa kafinta ya haɗa masa akwati mai tsayin mutum, aka dasa masa sifika mai faɗin tire. Sai kuma wuta ta ƙi. Ranar da aka kawo wutar, ƙwan fitila ja yake yi kamar garwashi, amfilifaya ta yi gurnani ta yi shiru. Damina ta wuce ana wannan fama, Iya Meram tana ƙara ramewa. Ni kam haushinsa nake ji, na kuma gaya masa ido da ido cewa taurin kansa zai sa tsohuwa ta tafi ba ta ji ɗanta ba. Sai ya je ya aro janareton mai aski.

Bayan la'asar aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, gaban akwatin. Ba Madu ya murɗa sautin har ƙarshe. Kalli ya yi sallama, kaji suka watse, dattawan da ke zaune a bakin masallaci suka amsa masa. Unguwa kaf ta ji cewa Kalli ya yi tumbi, haƙorinsa ɗaya ya fita, kuma yana kewar miyar kuka da banda. Iya Meram ta dubi ɗanta.

"Madu, kun kunna ne?"

Ya zauna daɓas a ƙasa. Tunda nake da shi ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba, har na ji kunyar abin da na gaya masa.

Ta gaji da jira, ta yunƙura za ta koma ɗaki, ta dafa akwatin don ta miƙe. Sai ta tsaya. Ta ƙara ɗaya hannun, sannan a hankali ta jingina bayanta da katakon da ke rawa.

"Kalli ne," ta ce. "Haka ƙirjinsa yake min a baya in na goya shi yana rigima."

Matan gida suka ɗauki salati, wata ta fara kuka. Iya Meram ta ɗaga mana hannu, idonta a rufe.

"Ku yi min shiru, ina sauraro."