Wayar da Yaya Sale Yake Bugowa

Shekara shida ke nan da muka kai wana, Yaya Sale, makwancinsa a Haɗejiya, amma har yau yakan kira ni a waya. Kada mai karatu ya ce na zautu. Duk manomin shinkafar da ke bakin fadama ya san wannan kira.

Yaya ba injiniya ba ne, mai haɗa mutane ne. Shi ya zaunar da wani ƙaramin kamfanin fasaha na Kano, da masuntan Baturiya, da makiyayan Birniwa, suka ƙirƙiro hanyar gargaɗin ambaliya ta waya. Ya kafa sharaɗi ɗaya: kira ba zai fita ba sai na'urar kamfanin ta nuna ruwa ya ƙaru, masunta sun tabbatar, makiyaya sun tabbatar. Yakan ce tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Muryarsa aka naɗa, don ita manoma suka yarda da ita.

Yana da wata al'ada da nake yi masa dariya a kai. A kowane taro sai ya ajiye kujera babu kowa, ya ce ta wanda bai zo ba ce, kuma ba a yanke magana sai wani ya zauna a kanta ya faɗi abin da mutumin zai ƙi.

Bayan rasuwarsa aka daina ajiye ta. Kamfanin ya fara yanke shawara a Kano, masunta suka yi fushi, makiyaya suka janye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bara ruwa ya zo, wayoyi suka yi tsit, shinkafar Kirikasamma ta nutse tana dab da yanka. Da Yaya ya ga wannan, na san ba zai zagi kowa ba, zai tambayi inda aka kai kujerar.

Bana kafin damina na tara ɓangarorin uku, na ajiye kujerar. Kowa ya kau da kai, don duk mun san wanda bai zo ba. Can Sarkin Ruwa, dattijon masunta, ya tashi ya zauna a kai. Ya ce mini, "Alhaji, kujerar nan da ɗumi." Babu wanda ya yi dariya. Aka watse ban san ko an shirya ba.

Ran wata Talata da hantsi, gari garau babu ko hadari, wayata ta yi ƙara. "Salamu alaikum, Sale ne. Ruwa na tafe, a kwashe abin da ke fadama." Na amsa sallamar kafin na tuna ya rasu. Aka kwashe, ruwa ya iske gonaki fayau.

Har gobe ina jin tsoron wannan murya. Amma ta yi magana ne domin ɓangarori uku da ba sa ga maciji sun amince da juna. Allah ya jiƙanka, Yaya. Shirunka na fi tsoro.