Gonar da Aka Ba Auta

Da na zo Doha, tuƙi na samu a gidan wani dattijon injiniya a Al Aziziya, ɗan Kanada, daga ɓangaren masu jin Faransanci. Mutum ne mai baƙar zuciya, ni ma ba kanwar lasa ba ne, sai muka shirya. A falonsa akwai wani ɗan tulu da ya hana kowa taɓawa. Na ɗauka turare ne, sai ranar da ya ce mini tokar gawar ubansa ce da aka ƙone. Na yi salati a zuciyata, tun daga ranar kuma a tsakar gida nake jiransa.

Wasiyyar uban ita ce a zuba tokar a gonar gidansu can Kanada, bakin kogi. Gonar kuwa tana hannun wata tsohuwa, 'yar'uwarsu, wadda ko gaisuwarsa ba ta amsawa. A cunkoson mota ya ba ni dalili.

Kakansa ne babba a gidansu. Shi ya sare daji, ya tumɓuke kututture da doki, ya kwashe duwatsu da hannu har faratansa suka zube. Gonakinsu sirara ne, kowacce ta miƙe daga bakin kogi ta shige daji, in aka raba sai ta koma kamar zaren wando. Don haka ba sa rabawa. Ɗa ɗaya ake ba dukanta, ya riƙe iyaye har su mutu, sauran su nemi gabansu. Uban kakan ya zaɓi auta.

"Kura da shan bugu ke nan, Oga," na ce, na yi masa bayanin gardi. Bai yi dariya ba.

Wata Lahadi da safe auta yana ɗaura wa dokin keken zuwa coci, babban ya fito da gatari. Dokin ya fara sara a wuya. Dabbar ta durƙusa tana shure-shure, jini yana tsartuwa a kan ƙanƙara, ya ƙara mata. Auta ya riƙo ƙotar, sara na gaba ya tafi da yatsunsa. Uwarsu tana ƙofa da kayan cocinta tana kallo. Kakan ya yar da gatarin ya ɗauki matarsa da jaririnsa, uban maigidana ke nan, bai sake komawa ba.

Dokin ya fi ba ni haushi. Shi me ya ci na gado?

Wata rana da la'asar muna Al Muntazah ya ce in faka, zai sake gwada kiran tsohuwar. Wannan karon ta ɗauka. Ban ji yarensu ba, amma na ji yadda muryarsa ta yi ƙasa, mutumin da ke yi wa manyan ma'aikata tsawa yana lallashi. Ita kuwa maganarta gajera ce. Ta kashe.

Ya naushi gilashin ƙofa, bai fashe ba. Ya sake, ya koma kan madubi, wannan ya tarwatse ya tsarge masa bayan hannu. Na riƙe shi da ƙarfi, na ɗaure hannun da tsumman goge mota, jini yana ɗiga a kujera.

"Me ta ce, Oga?"

"Ta ce ita ta riƙa ɗaura wa kakanta, autan nan da ya rasa yatsu, igiyar takalmi har ya mutu. Ko ƙurar gidanmu ba za ta sauka a ƙasarta ba." Ya yi huci. "Ubana jariri ne lokacin. Ku a wurinku za ku hana mamaci ƙasa?"

Na so in yi masa ƙarya, amma tausayinsa ya hana ni.

"Kabari ba ma hanawa, ko na maƙiyi. Gona dai, mu ma muna kashe juna a kanta."

Ya ce khalas, ya isa haka, mu je asibiti. Aka yi masa ɗinki, na mayar da shi gida. A bakin ƙofa ya ce in jira shi. Ya fito rungume da tulun a hannunsa mai lafiya, ya shiga baya ya zauna. Na tambaye shi ina muka nufa.

"Ka dai tuƙa," ya ce. "Ban san inda zan kai shi ba."