Kawu da Rijiyarsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan kawuna yana sayar da littattafan wasan labari, a wani ɗan shago tsakanin mai aski da mai gyaran takalmi. Irin wasan nan ne da manya da gemunsu za su zagaye tebur, kowa da jaruminsa a takarda, mutum ɗaya yana jan labari, ana jefa ɗan ludo mai fuska ashirin a ga wanda zai tsira. Teburin yana bayan shagon, kuma duk Asabar da rana Kawu ne mai jan labarin.

Da sayayya ta intanet ta kankama, sai mutane suka koyi sabon hali. Mutum zai shigo, Kawu ya ɓata awa guda yana masa bayanin littafi har bakinsa ya bushe, shi kuwa ya ɗauki hoton bangon ya ce sai ya dawo. Yana dawowa kam, da littafin a hammata, an yi masa rangwamen kusan rabi a intanet.

Kawu ba mai hayaniya ba ne, amma akwai riƙo. Yana gane littafin intanet daga kusurwarsa da kwali ya lanƙwasa. Duk wanda ya ɗora irinsa a teburin, ranar jaruminsa zai faɗa rijiya. Na Tela, ɗan wasan da ya fi kowa son araha, ya faɗa sau huɗu, sau ɗaya ma yana tsakiyar jirgin ruwa. Da Tela ya nemi sanin abin da ya kai rijiya cikin jirgi, Kawu ya ce shi ma abin ya ba shi mamaki.

'Yan wasa suka ragu daga bakwai zuwa uku, kuma bayan faɗawa ta huɗu Tela ya rantse Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe. Na san Kawu zai iya jure rashin ciniki, amma in teburin nan ya watse, mutumin ya gama. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma haka.

Ana nan sai wata 'yar wasa da muke kira Nas, wadda ba ta taɓa cin amanar shagon ba, ta ce ya samo mata sabon littafi. Kawu ya bincika, ya tarar kuɗin da dila zai ba shi sari ya fi na intanet tsada. Ya kasa tsawwala mata. Sai ya saya a ɓoye ta wayata, da adireshina.

Ranar Asabar mai kawo kaya ya kira ba na gida. Ni da shirme, na ce ya kai shago.

Na iso daidai lokacin da Nas ta buɗe kwalin a tsakiyar tebur. Ga littafinta, kusurwa a lanƙwashe, ga takardar da ta nuna inda aka saya. Tela ya gyara zama kamar an kawo masa abinci.

Kawu bai kare kansa ba. Mai jan labari ba shi da jarumi, amma akwai wani tsoho mai masauki a cikin labarin da yake yi wa murya tun ranar da ya buɗe shagon, kuma kowa ya san kansa yake nufi. Ya ce tsohon ya fito ɗiban ruwa, santsi ya kwashe shi ya faɗa rijiya.

"Dakata, Kawu," in ji Tela. "Ai jarumina yana ciki tun makon jiya, ba ka fito da shi ba. Zai cafe tsohon."

Kawu ya ce sai an jefa, kuma sai goma sha biyar ta fito ko sama da haka. Tela ya hura wa ɗan ludon iska ya jefa. Biyu ta fito.

Kawu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya share tabarau da bakin riga, ya ce a wannan rijiyar biyu ta isa.