Hantsaki Shida a Jakar Magadaliya

Takarda uku ce kawai a fayil ɗin Magadaliya Dantong. Ta farko ta ɗaukar aiki ce, watan Yuni na 1984. Ta biyu ta hutun kwana goma ce da aka ba ta lokacin da mijinta ya rasu. Ta uku ta sallama ce, ranar Talata 14 ga Maris, 2006, kuma a gurbin dalili kalma ɗaya aka rubuta da jan biro: sata.

Haifaffiyar Kuru ce. Ubanta haƙar kuza ya yi har ƙirjinsa ya gaza, ita kuma daga aji uku aka cire ta a firamare. Aure ne ya kawo ta unguwar Gada Biyu a Jos, a nan ta sami aiki a wani ƙaramin asibitin haihuwa na kuɗi, mai gado goma sha biyu. Ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Aikinta a ɗakin baya yake: ta wanke kayan aiki, ta dafa su a tukunyar tururi, ta jera a tire. Shekara ashirin da biyu ta yi tana wannan, har fatar yatsunta ta daina jin zafin ƙarfe. Kowa Ngo yake ce mata, yadda ake kiran uwa a ƙasarsu.

A cikin kayan nan, wanda ta fi kula da shi shi ne hantsaki mai makulli. Kamar almakashi yake, amma ba ya yanka, kamawa yake yi. Kusa da inda ake zura yatsu akwai ƙananan haƙora uku. In aka matse sai su shige juna, ƙas, ƙas, ƙas, bakin ya riƙe abin da ya kama ko da an sake hannu. Da shi ake datse cibiyar jariri kafin a ɗaure da zare, da shi ake kame jijiyar da ke zubar da jini.

Wata tsohuwar nas, Sista Theodora, ita ta koya mata sirrinsa tun makonta na farko.

"Ƙarfe yana kumbura a zafi kamar ƙafar mai ciki," in ji ta. "In kin kulle shi kin dafa, ba shi da wurin miƙewa, sai ya tsage a gaɓa. A buɗe ake dafa shi. In ya huce kuma, ki kulle a haƙori na farko, ki ƙwanƙwasa a bakin tebur. In ya buɗe da kansa, ya mutu. Kada ya sake ganin tire."

Sista Theodora ta daɗe da rasuwa, amma duk safiya sai an jiyo ƙwanƙwasar Magadaliya daga ɗakin baya, sau arba'in da biyu, yawan hantsakin da asibitin yake da shi.

A watan Satumba na 2005 Likita Linus, mai asibitin, ya sami wani aiki a cikin gari, ya zama ba ya zuwa sai in za a yi tiyata. Ya kawo yayar matarsa, Gertrude, ya naɗa ta Metiron, wato shugabar nas-nas. Mace ce mai son tsari. Ranar da ta fara shiga ɗakin baya ta tsaya a kan tire, hannu a ƙugu.

"Wa ya baje waɗannan? Duba yadda suka buɗe ƙafafu kamar matan banza."

"Ma, haka ake dafa su. In an kulle..."

"Wace makarantar nas kika yi?"

"Ban yi ba, Ma."

"To. Daga yau a kulle kowanne har haƙorin ƙarshe, a jera kai ɗaya kamar sojoji. Ina so in leƙa in ƙirga da ido ɗaya."

Magadaliya ta ce to. Mako uku ta yi tana kullewa a gaban Metiron, in ta juya baya ta buɗe su kafin ta rufe tukunya. Wata safiya Metiron ta dawo ɗaukar bironta ta tarar da ita tana buɗewa. Ba ta yi faɗa ba. Sai da aka taru taron safe, nas-nas da masu shara duk suna tsaye, ta sa aka kawo tiren gaba ɗaya.

"Yau Farfesa za ta ba mu lacca," ta ce. "Farfesa, bismillah. Kulle su ɗaya bayan ɗaya, kina ƙirgawa da ƙarfi. In kin ɓata lissafi mu koma farko, tun da aji uku ne."

Ta kulle arba'in da biyu. 'Yan matan da ta goya wa 'ya'ya suna toshe baki suna dariya. Daga ranar Ngo ta ɓace, Farfesa ta zauna.

Ta tare Likita sau ɗaya, yana goge hannu, makullin mota a baki. Ya saurare ta rabi da rabi.

"Ngo, don Allah kada ki haɗa ni da gida. Abin da Metiron ta ce, shi za ki yi."

Ta yi. Wata biyar tana dafa su a kulle, tana jin abin a ranta kamar ita ake dafawa. A farkon Fabrairu ta ƙwanƙwasa ɗaya, ya yi tsalle ya buɗe. Ta kai wa Metiron da hannu biyu. Metiron ta matse shi har haƙori na uku, ta girgiza a sama.

"Ga shi ya kama. Me kuma?"

"Ma, a na farko ake gwadawa. Unguwarzoma in tana sauri ba ta kaiwa na uku."

"Mayar da shi tire, Farfesa, kafin in mayar da ke Kuru."

Ba ta mayar ba. Ta ɓoye shi a bayan kwalin sabulu. Bayan mako guda ta ƙara na biyu, sannan na uku. Duk Juma'a Metiron tana ƙirga tire tana ganin giɓi, tana duban mutane ɗaya-ɗaya, Magadaliya kuma tana duban ƙasa.

Akwai wani Malam Jabir, mai wasa almakashi da gyaran ƙananan ƙarafa. Tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 ya koma ƙarƙashin lema a jikin katangarta. Shekara da shekaru Magadaliya ce ke kai masa kayan asibitin in sun dakushe, ba takarda, ba sa hannu, sai dai ta gaya wa Likita a baki. Wata Asabar ta kai masa ɗaya daga cikin ɓoyayyun. Ya sa gilashinsa a ido, ya juya gaɓar zuwa hasken rana, ya nuna mata wani layi siriri kamar gashi.

"Ngo, wa yake dafa muku kaya a kulle? Wannan ai ba gyara, sai bola."

"Shida ne yanzu, Malam."

"Kawo su duka in duba, in rubuta miki takarda da sunana ki kai wa oga. Ke ya ƙi ji, wataƙila ya ji takarda."

Ranar Talata ta naɗe shidan a tsumma ta sa a jaka, da niyyar ta je ta dawo a hutun rana. Ba ta san Metiron ta ba da umarnin a fara duba jakunkuna a ƙofa ba. Isa maigadi, wanda ya shekara goma yana cin gwaten accan da take kawo masa, shi ya zura hannu. Da ya ji ƙarfe sai ya tsaya, ya ɗago ya dube ta. Da zai iya da ya yi shiru, amma Metiron tana tsaye a baranda.

"Zazzage, Isa."

Talata ranar awo ce. Mata masu ciki sun fi talatin a kan benci. Ƙarafan suka zube a siminti gabansu.

"Ma, sun mutu ne. Wajen mai gyara zan kai, ya rubuta..."

"Sun mutu, shi ne za ki kai su Terminus ki binne? Jama'a, ku ga ɓarauniyar da ta shekara ashirin tana cin asibitin nan."

Metiron ta tsince su. Ta kama bakin zanen Magadaliya ta maƙala mata su ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, har shida, suna reto kamar kayan rawa. Ta ce ta zagaya tsakar asibitin sau uku kowa ya gan ta da kyau.

Ta fara tafiya. A zagaye na farko ɗaya ya bugi gwiwarta ya buɗe, ya faɗi. Kafin ta kai bakin famfo wani ya faɗi. Magadaliya ta tsaya cak, fuskarta ta yi haske, ta nuna ƙasa da yatsa.

"Kun gani? Kun ga ya buɗe da kansa? Abin da nake faɗa ke nan! Ma, ki duba!"

"Ko ƙarfen ma ya ƙi zama jikin ɓarauniya," in ji Metiron.

Benci ya ɗauki dariya. Aka tsince biyun, aka cire huɗun, aka wanke, aka mayar tire. Kafin azahar an buga takardar sallama.

Labari ya riga ta isa gida. Ranar Lahadi, bayan sujada, shugabar zumuntar matan coci ta ja ta gefe ta karɓe makullin ɗakin tukwane da kujeru da ta shekara tara tana riƙewa, ta ce kawai don a kwantar da hankalin mutane ne. Malam Jabir ya rufe lemarsa ya je asibitin don ya yi bayani. Metiron ta tare shi a ƙofa, ta ce da ma tana neman mai sayen kayan satar, ya jira ta kira 'yan sanda. A Jos ta waɗannan shekarun ba mai son sunansa ya shiga ofishin 'yan sanda. Ya koma.

Abu biyu ne suka hana Magadaliya sukuni: kalmar nan ta jan biro, da ƙarafa shida da ta san suna kan tire. Ta farko ba yadda za ta yi da ita. Saboda haka duk Talata sai ta zo ta tsaya a tsallaken titi, tana tare matan da suka fito daga awo.

"'Yata, in ranar ta zo, ki ce su ɗaure cibiya da zare nan take. Kada su bar ta da ƙarfe. Kin ji?"

Aka ce ta taɓu. Wata matashiya mai suna Amatullahi, matar wani tela, mai cikin fari, ta saurare ta har ƙarshe cikin ladabi.

"To, Mama. Allah ya ba ki lafiya," ta ce, tana matse jakarta a hammata.

Ranar Litinin 8 ga Mayu, da hantsi, Amatullahi ta haifi 'ya mace, lafiyayya, mai ƙarfin kuka. Uwar ce jini ya ɓalle mata. Unguwarzoma ta datse cibiyar da hantsaki, ƙas ɗaya, ta yanke, ta naɗe jaririyar a zani ta kwantar a ɗan gado, ta koma kan uwar. A cikin kai da kawowa wata ta bangaji gadon. Minti ashirin suka yi kafin jinin uwar ya tsaya. Da aka buɗe zanin jaririyar, ya jiƙe sharkaf da jini, hantsakin yana gefe baki buɗe, rai ya riga ya yi halinsa. Aka gaya wa dangi yarinyar da rauninta ta zo. Kafin la'asar an binne ta.

Da yammacin ranar Likita Linus ya shiga ɗakin baya shi kaɗai ya rufe ƙofa. Aka jiyo ƙwanƙwasa, irin wadda aka yi wata biyu ba a ji ba. Hantsaki goma sha ɗaya ne suka buɗe.

Ranar Laraba aka manna sanarwa a saman tukunyar tururi: dole a dafa kowane hantsaki a buɗe, dole a gwada shi a haƙori na farko kafin ya hau tire. A ƙasa an rubuta, Umarnin Metiron Gertrude.

Isa ne ya kai wa Magadaliya labarin. A lokacin ta koma gasa masara kusa da lemar Malam Jabir, tana juya ta a kan garwashi da yatsu tsirara.

"A buɗe suke dafawa yanzu?"

"A buɗe, Ngo."

"Suna ƙwanƙwasawa?"

"Kullum safe."

Ta juya masara ɗaya, ta sake juya ta.

"An ambaci sunana?"

Isa ya sosa ƙeya, ya dubi motocin da ke lodi.

"An ambata. Metiron ta ce a taro ke kika bubbuge su da guduma kafin ki tafi, don haushi. Ta ce jinin yarinyar nan a kanki yake."

Magadaliya ta zaɓi masara mai laushi ta naɗe masa a takarda.

Mako biyu bayan haka ta sa aka rubuta mata wasiƙar roƙo, shafi ɗaya. Ba aiki ta nema a mayar da ita ba. Cewa ta yi a soke kalmar nan a takarda ta uku, a rubuta ko tsufa ne, ko rashin lafiya, ko ma rashin biyayya. Ta sa fararen kayanta na zumunta ta kai da kanta. Likita yana ciki, motarsa na tsaye a inuwa, amma aka ce ba ya nan. Metiron ce ta fito ta karɓa da yatsu biyu, ta karanta a tsaye, ta gyara mata kuskuren rubutu guda biyu da jan biro, ta miƙa mata abinta.

"Je ki sake rubutawa, Farfesa."

Ta sake, ta kawo. Wannan karon ta ƙofa aka karɓa, Isa ya kai ciki. A watan Agusta, da matan unguwa suka daina sayen masararta, ta kwashe kayanta ta koma Kuru wajen ƙanenta. Wasiƙar ba ta shiga fayil ba. Takarda uku ce a ciki har yanzu.