Yatsun Baba Mai Wanki

A ƙarshen layin da ke bayan tashar mota, jikin shagon aski, akwai shagon wanki da guga mai shuɗiyar ƙofa. Kafin ka hango ƙofar hancinka zai riga ka isa, don ƙamshin sabulu da sitaci da tururin dutsen guga ya kama layin tun daga kwana. Mai shagon shi ne Baba Mai Wanki. Lokacin da ya baro ƙasarsu ya sauka a wannan ƙasa ba baba ba ne, saurayi ne siriri mai wando biyu, ɗaya a jiki ɗaya a kan igiya. A nan ya yi gemu, a nan gemun ya yi furfura, a nan matarsa Inna ta biyo shi ta haifa masa 'ya'ya. Duk da haka a takarda baƙo ne. Izinin zama yake da shi, irin na dogon lokaci, wanda ake sabuntawa duk bayan 'yan shekaru. Kuma ofishin shige da fice ba ya sabunta wa kowa sai ya kawo shaida daga banki cewa asusunsa a buɗe yake, yana aiki.

Shi ya sa Baba bai taɓa ɗaukar banki wurin ajiyar kuɗi kawai ba. A wurinsa turke ne da aka ɗaure zamansa a jiki.

In ka zauna da shi yana ninke kaya, sai ya ba ka labarin bankin dā. Benci ne na katako da zaman mutane ya goge har yana sheƙi, fanka a sama tana juyawa kamar ba ta so, da wani akawu mai kaurin tabarau a taga ta ƙarshe. Mai Tabarau ake ce masa. Shi ya buɗe wa Baba asusu lokacin da bai iya yaren ƙasar ba sai gaisuwa da "na gode". Da aka zo wurin sa hannu Baba ya tsaya yana kallon biro kamar an miƙo masa kunama. Mai Tabarau bai yi dariya ba. Ya juya wata takarda ta baya, ya nuna masa da hannu cewa ya zana duk abin da zai iya maimaitawa gobe. Baba ya zana wani abu mai ƙugiya a sama. Da Inna ta gani daga baya sai ta ce, "Malam, wannan ai hanga ce ta rataye riga."

Hangar nan ta yi masa aiki shekara da shekaru. Duk ƙarshen mako zai sa farar rigarsa mai sitaci, ya taka zuwa banki, ya tsallake sauran tagogi ko babu kowa a gabansu, ya jira ta ƙarshe. Mai Tabarau zai leƙo ta saman gilashin idonsa ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, shi kuma Baba idonsa na kan wuyan rigar akawun, yana duba ko an goge ta yadda ya kamata. Har ranar da haƙurin Baba ya ƙare ya ce a kawo masa rigunan. Tun daga nan, in lokacin sabunta izini ya matso, Mai Tabarau ne ke tuna masa kafin shi kansa ya tuna.

To, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mai Tabarau ya yi ritaya, daga baya aka ji ya rasu. Aka kwashe bencin aka jera kujerun roba, aka sa gilashi ko'ina, aka kafa wata na'ura a bakin ƙofa mai tofo wa mutum lamba. Baba ya ci gaba da zuwa da farar rigarsa, sai dai babu mai tambayarsa yara.

A shekarar da izininsa zai ƙare, ya je karɓar shaidar banki kamar yadda ya saba. Wata yarinya ce a tagar, ba ta kai Auta, ƙaramar 'yarsa, ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce yanzu an daina sa hannu, kowa zanen yatsansa ake ɗauka. Ta turo masa wani ɗan akwati mai gilashi a sama.

Ya ɗora babban yatsa. Fitila ta kawo ja. Ta ce ya ƙara dannawa. Ja. Suka bi yatsun nan kaf, dama da hagu, ta goge gilashin, ta sa ya hura wa yatsun iska, ba abin da ya canza. Sai ta ce ya ba ta hannunsa ta gani. Ta juya tafin a ƙarƙashin haske tana dubawa.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

"Wanki, 'yata. Wanki da guga."

"Shi ne. Yatsunka sun shafe. Dubi, sumul kamar bayan cokali. Na taɓa gani a hannun magina da masu wanke-wanke a gidan abinci."

Baba ya duba. Hannunsa ne, tare suke kwana tare suke tashi, amma bai taɓa lura ba. Sabulu da bilic da cuɗar wuyan riguna sun cinye zanen a hankali, kamar yadda ruwa ke cin sabulu.

Ta yi masa bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Sai an ɗauki yatsa kafin asusun ya ci gaba da aiki, kafin nan an tsayar da shi, kuma ba za ta iya ba shi shaida a kan asusun da ke tsaye ba. Akwai hanyar neman a ɗauke wa mutum, amma ga baƙi sai takardu sun je babban ofishi, kuma ba ta ga alamar za su dawo kafin izininsa ya ƙare ba. Shawararta ita ce ya huta da ruwa da sabulu na wasu makonni, ya riƙa shafa mai. Wani lokaci zanen yakan dawo.

"In bai dawo ba fa?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙaci gyara ba.

A hanyar gida Baba ya yi ta tunanin inda ake cewa gida. Iyayensa sun rasu, ɗakin da aka haife shi ya faɗi, waɗanda suka san shi da sunan yanka sun ƙare sai ɗaiɗai. 'Ya'yansa a nan aka yanke musu cibiya, takardunsu na nan ne. Jikokinsa in sun yi Hausa sai ka yi dariya. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma wace irin raɓa ce za ta kai har ta ga jikoki?

Ya koma gida ya faɗa wa Inna. Tashi ta yi ta ɗauke bahon da ke gabansa. Auta, wadda ke aiki a kantin magani, ta zo da yamma da kwalbar man shafawa da safar hannu ta auduga, ta kafa doka kamar likita.

"Baba, ban da alwala da cin abinci, hannun nan ba ya taɓa ruwa."

"Kayan mutane fa? Ko su ma hutu za su tafi?"

"Akwai injin wanki."

"Inji na wanke zanin gado. Inji ya san wuyan riga? Ya san hammata?"

"To ga Dogo."

Dogo mijin Auta ne, direban tasi, mutum mai kirki da ƙarfi kamar ingarma, wanda bai taɓa wanke ko hankicinsa ba. Tsakaninsa da Baba akwai kunyar surukuta mai kauri. Gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma kowa na kallon ƙasa. Amma ya ajiye motarsa da safe, ya naɗe hannun riga, ya zauna a kujerar Baba gaban baho.

Ranar nan Baba ya ga abin da bai taɓa gani ba. Dogo ya kama rigar wani malamin makaranta ya murɗe kamar zai kashe maciji. Baba na zaune a bakin ƙofa, hannuwa cikin farar safa a kan gwiwa, bakinsa na motsi. Ba zai iya yi wa suruki faɗa ba, sai ya juya wajen Inna.

"Innar yara, a gaya wa mutumin nan riga ba igiyar rijiya ba ce."

"Yana jin ka, Malam."

"Ni ba da shi nake ba, da ke nake."

Dogo ya sassauta hannu, kunnuwansa kamar za su kama da wuta.

Mai Aski na maƙwabta, wanda jirgi ɗaya ya kawo su ƙasar tun suna samari, ya samu abin yi. Kullum sai ya leƙo da almakashi a hannu.

"Ranka ya daɗe, babban akawu. A kawo maka jarida ne ko a yi maka fifita?"

"Je ka ka ci gaba da ɓata kawunan mutane."

"Nuna mini hannun. Kai, har ya fi na jariri laushi. Inna, ki sa ido, 'yan matan layin nan sun fara tambaya."

Baba yakan yi dariya, amma zaman ya fi masa ciwo wuya. Mutumin da tun yana saurayi gari bai taɓa waye masa hannunsa a bushe ba, ga shi yana kallon rana tana tafiya a jikin bango. Ya ƙirga motocin tasha ya gaji. Ya riƙa cire safar yana ɗaga yatsu a haske, ya kira Inna ta duba masa, ita kuma idonta ba ya gani sosai, sai ta ce, "Kamar dai akwai wani abu," don ta kwantar masa da hankali.

Wata safiya aka kawo farar riga da tawada ta zube a aljihunta. Dogo bai iso ba, Inna na ciki. Baba ya daɗe yana kallon tabon, tabon na kallonsa. Ya san in tabon ya kwana ya zauna ke nan. Ya zare safa, ya jawo ƙaramin baho, har ya tsoma hannu ya fara cuɗawa, sai ya ji inuwa a kansa.

Inna ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, rigar ta wa ce?"

"Ta wani ce mai aiki a gidan waya."

"To. In an sa ka a jirgi, shi zai riƙa kai jikokin nan makaranta da safe? Ni dai na gaya maka, na tsufa da sabon zama. Kuma ba zan zauna a nan kai kana can ba. Ka ga ke nan rigar nan mu biyu za ta kora."

Baba ya fitar da hannunsa. Ta kama ta goge masa da gefen zaninta, yatsa bayan yatsa, ta shafa mai ta mayar da safar. Rigar kuwa Dogo ya yi iya yinsa, tabon ya koma shuɗi-shuɗi ya tsaya a nan. Baba da kansa ya ba mai ita haƙuri, abin da bai taɓa yi ba tun da ya buɗe shago.

Da lokaci ya ƙure, Auta ta raka shi banki. Yarinyar tagar ta gane shi, ta turo akwatin. Hannun dama ya ƙi gaba ɗaya. Aka koma hagu. Babban yatsa ya ƙi. Da ya ɗora manuni, fitilar ta yi ɗan jinkiri kamar mai shawara, sannan ta kawo kore.

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Yarinyar ta sa ya maimaita, ya sake kamawa. Ta buga shaidar ta miƙa masa da hannu biyu, sannan ta rage murya.

"Baba, ka ji da kyau. Wannan yatsa shi kaɗai na'ura ta sani. Duk lokacin da za ka sabunta izini shi za ta nema. In ya sake shafewa, a shekarunka ban san ko zai dawo ba."

An sabunta masa izinin kafin mako ya zagayo. Inna ta yi girki mai yawa ta aika wa maƙwabta, Mai Aski ya ci ya ƙara. Baba ya ci kaɗan. Ya gane cewa an bar shi ya zauna, amma sai in ya saki wankin da ya zaunar da shi tun farko. Safar roba ya gwada ya yar, ya ce kamar mutum ya ci abinci da bakin wani ne.

Washegari ya fito shago, Dogo na gaban baho yana fama da wuyan wata riga. Dama Dogo ya riga ya ba ƙaninsa motar, ya ce shagon ya fi buƙatarsa. Baba ya tsaya a kansa jim, yana kallon hannuwansa biyu. Na hagu na ofishin shige da fice ne yanzu. Na dama kuwa na'ura ta ce ba ta san shi ba, ba shi da abin da zai rasa.

Ya jawo kujera ya zauna daf da surukinsa, gwiwa na taɓa gwiwa. Ya tura hannun hagu cikin aljihu, ya naɗe hannun rigarsa na dama da haƙori.

"Riƙe nan," ya ce wa Dogo. "A'a, ba da ƙarfi ba. Miƙar da shi kawai, ni zan cuɗa."

Inna ta leƙo daga ciki, ta ga hannun hagu a aljihu, ta koma bakin aikinta.

"Ka ji nan wurin?" in ji Baba, yana bin ɗinkin da yatsa a cikin kumfa. "Sa hannunka. Nan datti yake ɓuya."