An Rubuta Mini Babu

Shekarar da na kama aiki a wani ƙaramin asibitin mata a Doka, 'yata ta fari tana da wata bakwai. Ranar farko Baturiyar da ke shugabancin wurin ta zaunar da ni tana cike takarda, ta tambaye ni ko ina da ɗa. Wace 'yar Bahaushe ce za ta buɗe baki ta ce tana da ɗan fari? Ko sunan yarinyar ban taɓa kira ba, don kunya. Na sunkuyar da kai na yi shiru. Ita kuwa ta rubuta babu.

Da na gane abin da ya faru, na nufi ofishinta in gyara. Wata babbar ma'aikaciya, Bazazzaga, wadda muke ce wa Yaya, ta tare ni a bakin famfo.

"Ke, zo nan. Kina da hankali kuwa? Bana za a ɗauki masu koyon aikin ungozoma, kuma ba a ɗaukar mai goyo. Kunyarki ta yi miki rana. Ki kai wa tsohuwarki yarinyar, ki ɗaure ƙirji da zane, kwana goma nonon ya kafe. Haka muka yi duk muka zama mutane."

Tana faɗa tana taunar goro, kamar wadda ke koya mini dahuwar wake. Har yau ina ƙyamar bakin nan nata. Amma ƙyamar da nake wa kaina ta fi, don kuwa na bi maganarta. Na kai yarinyar wurin Inna a Unguwar Shanu, aka koma ba ta koko. Ni kuma kullum da safe in tamke ƙirjina kamar ƙunshin kaya, in ɗora farar riga. Wajen azahar zanen ya jiƙe yana tsami, ina tsaye ina koya wa matan mutane amfanin shayarwa.

Bayan wata biyu, ran wata Talata, na ɗaga kai sai ga Inna a layi. Zawo ya kama yarinyar, ta rame, wuya kamar sillen kara. Ni ce mai yi wa Baturiya tafinta. Ta duba idon yarinyar, ta taɓa maɗigarta, ranta ya ɓaci.

"Tambayi tsohuwar nan, ina uwar?"

Na tambaya. Inna ta dube ni ta ce, "Tana wurin aiki."

"Gaya mata wannan yarinya nono take bukata. Wace irin uwa ce za ta yaye jaririya haka? Ki faɗa mata daidai yadda na faɗa."

Na faɗa daidai, da Hausa, kalma bayan kalma, ga Yaya a gefe tana jera kwalabe kamar ba ta ji. Yarinyar ta miƙo mini hannu. Na riƙe allon rubutu da hannu biyu.

Inna ta gyara goyonta ta ce, "To, 'yar nan, ki ce wa Baturiya an gode. Za a gaya wa uwar."

Da aka tashi na ruga Unguwar Shanu, na kwance zanen, na sa yarinyar a ƙirji. Ta ja, ta ja, ta saki. Yaya ba ta yi ƙarya ba, ya kafe.