Ina Za A Kai Ƙarfen?

Shekarar da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar aikin soja, ya dawo Birnin Gwari da niyyar buɗe gidan motsa jiki irin wanda ya gani a bariki. Ya samo ƙarafan tsohuwar mota, ya cika gwangwanaye da siminti ya kafa musu a kowane baki, ya jera a rumfar ƙofar gida. Yayansa bai so ba. Ya ce gonar mahaifinsu ta bakin daji ta shekara uku ba a taɓa ta ba. In ruwan farko ya sauka babu mai zuwa rumfar, to ya rufe ya ɗauki fartanya. Maigidana ya yarda. Fartanyar nan kuwa ita ya guda ya shiga soja.

Abokinsa, wani malamin firamare, ya ce sana'ar zamani ba a yin ta da ka. Ya rubuta masa sunayen littattafan kasuwanci uku, aka sayo daga Kaduna, ya kuma ce kada shirin 'yan kasuwa na rediyo ya wuce shi. Shirin ba ya zancen komai sai gyaɗa da auduga, amma maigidana kan saurara har ƙarshe. Littattafan na Turanci ne, saboda haka bayan la'asar malamin kan karanta yana fassarawa, ni ina ji daga bayan zana. Na farko na masu kantin takalma ne. Na biyu ya ce a yi wa mai saye murmushi, ranar farko kuma a bar shi ya ɗanɗana kyauta.

Sai aka sa mai shela ya zagaya ranar kasuwa: duk mai ƙarfi ya zo gidanmu da safe, za a yi aikin jiki, babu biya.

Jama'a suka ɗauka gayya ce. Suka zo har daga Dogon Dawa, da fartanyu da gatura da makaɗinsu. Maigidana ya yi murmushin littafi, ya nuna musu ƙarafan. Wani dattijo ya sunkuya ya ɗora mafi nauyin a ka, babu ko gammo, ya tsaya yana jira.

"Saje, ina za a kai?"

"Ba ko'ina, baba. Ka ajiye, ka sake ɗauka."

Dattijon ya ajiye a hankali, ya tambayi na kusa da shi ko a soja an taɓa bugun yaron nan a ka.

Malamin ya shiga laluben littafi na uku. Yayan kuwa ya ce tunda mutane sun taru da kayan aiki, abin kunya ne su koma haka. Ya aiko mini da gari in tuƙa tuwon gayya. Ya ja su gonar mahaifinsu, kafin la'asar an share ta kaf. Maigidana ne na ƙarshe a layi, da fartanyar aro.

Ko ruwan farkon ba a jira ba, aka rufe rumfar. Ya yi noma har ƙarshen ransa, ya kuma iya. Shirin rediyon ma bai daina saurara ba, tunda zancen gyaɗa ya zo ya shafe shi.

Bayan rasuwarsa na sami littafi na uku a akwatinsa na soja, da tsinken tsintsiya a shafin da suka tsaya. Ban sa kowa ya karanta mini ba. Ƙarfe ɗaya ya rage, mai nauyin nan. Da iska ta fara ɗaga kwanon ɗakina, na ce a kai shi can ya danne.